Tsohuwar aska ba kayan bola ba ce

A cikin adakar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ƙarƙashin wasu tsofaffin rasitai, na tarar da aska irin mai naɗewa. Tsatsa ta ci bayanta, ƙotar ta tsage gida biyu. Da na goge wuyanta da tsumma da ɗan man keke, sai ga rubutu ya fito: Sheffield. Ƙanena ya ce a haɗa ta da ƙarafan da za a ba 'yan jari-bola. Na hana, kuma yau wata takwas ke nan da ita nake gyaran fuska.

Sheffield ta Ingila, da Solingen ta Jamus, da Thiers ta Faransa, su ne garuruwan da suka yi suna wajen ƙera aska, har yanzu ma kamfanin Dovo, da aka kafa a Solingen a 1906, bai daina ba. Kasuwarsu ta soma ja da baya ne bayan da Ba'amurke King Gillette ya sami takardar mallakar fasahar rezarsa a 1904, mutane suka koyi yin aski su yar da ƙarfen su sayi wani. Mu ma mun bi sahu, alhali muna da wanzamai da maƙera da majema tun kafin a san reza.

Gyaran bai fi ƙarfin mai haƙuri ba. Na goge ƙusoshin da magagari na cire tsohuwar ƙota, na bi ƙarfen da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, da hannu. Da hannu fa. Wanda ya kai aska injin wasa wuƙa ya kashe ta, domin bakinta siriri ne ƙwarai, zafi kaɗan zai sa ya yi shuɗi, daga nan kuma ba zai ƙara riƙe kaifi ba. In kuwa tsohuwar ƙotar ta robar da ce, wadda ake kira selulod, kuma ta fara ruɓewa, a raba su nan take, don tururin da take fitarwa shi ke cinye ƙarfen.

Ƙotar ce ta fi ɗaukar mini lokaci, ita ce kuma ta fi faranta mini rai. Turawa da ƙaho da ƙashi suke yin tasu, mu kuwa ƙaho ga shi nan jibge a kowace kwata. Na sayo na wani farin sa, na tsaga shi da zarto, na gasa shi sama-sama har ya yi laushi, na danne shi tsakanin katako biyu ya kwana. Da safe ya miƙe sambal. Na fitar da falle biyu, kaurin kowanne kamar milimita 3, na yi ta gogewa har jijiyoyin ƙahon suka bayyana, fari na shiga ruwan zuma. A ƙarshensu na sa ɗan tsinke mai tsukakken baki, wanda shi ke buɗa ƙotar ta karɓi ƙarfen a tsakiya. Sai ƙusar tagulla, wadda ake dasa kanta da ƙaramar guduma, bugu kaɗan kaɗan, ana yi ana gwada buɗewa da rufewa. Wanda bai sami ƙaho ba, icen ƙirya ko na kanya zai yi masa.

Washi kuwa wajen wani dattijon wanzami na unguwarmu na koya. Ya juya askar a hannu, ya gwada ta a gashin damtsensa, ya ce, "Yaro, wannan ƙarfen ya girmi babanka, kwantar da bayanta a kan dutse, kada ka ɗaga." A dutse kaifi ne ke gaba, a fatar da ake ƙarasa washi da ita kuma baya ne ke ja.

Za a ce mini ai aska ce ke yaɗa cuta. Gaskiya ne, kuma ba na wasa da wannan magana: ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a raye a wajen jikin mutum. Amma haɗarin yana wajen askar da ta bi kawuna goma a yini guda. Askar da ke aljihunka, wadda ba ta taɓa fatar kowa sai taka, ta fi duk wata kilifar shago aminci. Ni yanzu da tawa nake zuwa wajen wanzami, ya yi mini ƙwal kwabo, in biya shi, in wanke kayata in shanya ta, in shafe ta da mai. Bai rasa cinikinsa ba, ni ma hankalina a kwance.

Abin da ke damuna shi ne samarinmu masu neman sana'a ba su ga wannan ƙofa ba. A Turai da Amurka akwai masu cin abinci da gyaran tsofaffin asake kaɗai, ga shi mu ƙaho da fata da ice duk a ƙofar gida suke. Sarakunan aska da na maƙera su ja yaran nan a jiki su koya musu. Kai kuma mai karatu, ka buɗe adakar gidanku ko zabirar kakanka kafin mai jari-bola ya riga ka.