A daina ɗora wa igwa laifin faɗuwar Singafo

'Yan uwa, mun gaji da tatsuniyar nan da muke kwafa daga bakin juna, wai Singafo ta faɗi a 1942 don igwoyin Ingila teku kaɗai suke kallo, ba sa juyuwa. Ƙarya ce. A sansanin Siloso, mai gadin tashar jiragen ruwa ta Keppel tun ƙarni na 19, an juya su tudu, sun yi wa sojojin Japan ruwan wuta. Harsasan ne matsalar: yawancinsu na huda ƙarfen jirgi ne, sai su nutse a ƙasa ba wata ɓarna. To wa ya tanade su? Wa ya bar Malaya babu tankokin yaƙi? Ai manya ne a Landan, su ya kamata mu tuhuma.