Sileniyom: A Auna Ƙasar Noma Kafin A Sha Ƙwaya

Makon jiya ina zaune a tasha ina jiran mota ta cika, sai wani mai talla ya leƙo ta taga da kwalbar ƙwayoyi. "Sileniyom ne, Baba, yana gyara jini, yana hana kansa." Dattijon da ke gefena ya kwance bakin aljihu ya sayi kwalba biyu. Har na isa gida abin na cina.

Sileniyom sinadari ne da jiki ba ya iya yi sai da shi. Yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, da shi take aikinta. Sai dai abin da baligi ke buƙata a rana maikurogiram 55 ne kacal. Ƙwayar gero guda ta ninka shi nauyi fiye da sau hamsin.

Rashinsa na kisa. A shekarar 1935, a yankin Keshan na ƙasar Sin, ciwon zuciya ya yi ta ɗaukar yara da mata masu haihuwa. Daga baya aka gano ƙasar noman yankin ce ba ta da sileniyom, hatsin da ta fitar ma haka. Finland ta ga irin wannan ƙaranci a gonakinta, sai ta fara zuba sinadarin cikin takin zamani tun 1984, al'umma suka same shi a abincinsu.

Yawansa ma cuta ne. Wanda ya dinga wuce maikurogiram 400 a rana, gashi na iya zube masa, farata su kakkarye, numfashinsa ya riƙa warin tafarnuwa. Batun hana kansa kuwa, an gwada a kan maza kusan 35,000 a Arewacin Amurka, ƙwayar ba ta hana su kansar mafitsara ba.

Don haka ina roƙon jami'o'inmu da ma'aikatun noma su auna ƙasar da muke noman gero da dawa da masara, a san inda take da ƙaranci, a gyara ta hanyar taki. Mu kuma magidanta, kuɗin kwalba biyun nan ya isa a sayi ƙwai da kifi da hanta, dukkansu suna ɗauke da sileniyom, yara su ci tare da mu. Ƙwaya kuwa, a bari sai likita ya rubuta.