RA'AYINMU: BAƘO DA ƊAKIN HAYA, INA FATOMAN ZAMANINMU?

Mas'alar da muka ga ya wajaba mu yi tsokaci a kanta a wannan wata ita ce ta baƙon da ya ƙetaro iyaka neman halaliya, Allah Ya hore masa abin yi, amma ya rasa ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa, saboda ba shi da takardar da za ta shaidi abin da yake samu. Duk wanda ya san Narayi da maƙwabtanta irin su Barnawa da Sabon Tasha, a kudancin kogin Kaduna, ya san irin mutanen da muke nufi: mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ke sayar da shayi, ko gadi, ko ga-ruwa, ko gyaran takalmi.

Idan irin wannan bawan Allah ya je wurin dillali, za a nemi kuɗin shekara guda cur, wani lokaci ma biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Sa'an nan a ce ya kawo shaidar wurin aiki ko takardar banki, ya kuma kawo ma'aikacin gwamnati da zai tsaya masa. Alhali kuwa mutumin nan kullum ta Allah yake samun kuɗinsa a hannu, kuma bai san kowa ba sai 'yan garinsu, waɗanda su ma halinsu ɗaya. Ƙarshenta sai ya koma kwana a shago ko a kango, ko su cunkushe su goma a ɗaki guda, iyali kuwa a bar su a gida shekara da shekaru. Wani kuma ya faɗa hannun macucin dillali, ya biya ninki ba tare da rasiɗi ba, ranar da aka watso masa kaya waje ba shi da hujjar da zai kai gaban kowa.

Abin mamaki shi ne, wannan ɓangare na Kaduna baƙi ne suka raya shi. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, aka zo aka kafa kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980, jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina. A wancan zamani ma'aikaci yana da takardar albashi, mai gida kuma ya san inda zai same shi. Yawancin masaƙun sun rufe a shekarun 2000, har ta kai a yau 'yan ƙasar ma da dama ba su da wannan takarda, balle baƙo. Ke nan muna auna amanar mutane da ma'aunin da ya daɗe da karyewa.

Adalci bai yarda mu ɗora wa masu gidaje laifin duka ba. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun raba garin nan gida biyu, mutane suka yi ƙaura zuwa inda nasu suka fi yawa, kogi ya zama kamar iyaka, yarda ta yi ƙaranci. Bugu da ƙari, ƙaramar hukumar Chikun, wadda Narayi ke cikinta, ta ɗanɗana kuɗarta a hannun masu satar mutane, kamar sace ɗaliban makarantar Bethel a 2021 da na Kuriga a 2024. Saboda haka mai gidan da ke tsoron kada ya saukar da ɗan leƙen asirin ɓarayi yana da uzuri. Haka nan tsohon da ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin ɗakuna huɗu, da su yake ci da iyalinsa, yana da haƙƙin ya tambayi wanda zai biya shi idan ɗan haya ya tsere. Abin da muke cewa shi ne, takardar banki ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan tsoro biyu. Mugu ya fi kowa iya samo takarda, mai gaskiya ne kan rasa ta.

Matsayin baƙon a gaban doka ma ya ƙara rauni. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko da yake ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da barin 'yan ƙasashen su yi zirga-zirga har sai an yanke wata shawara. Mutumin da zamansa ke rataye da irin wannan sanarwa ba ya iya ɗaga murya idan an zalunce shi.

Kada mu manta mu ma baƙi ne a wasu wurare. Gana ta kori baƙi a 1969, cikinsu har da Hausawan da suka shekara aru-aru a can, mu kuma muka rama a 1983. A Ingila, tun 2016 doka ta wajabta wa mai gida ya binciki takardun zaman ɗan haya, kuma 'ya'yanmu masu karatu a can sun daɗe ana ce musu su kawo mai tsaya musu ɗan ƙasa, ko su biya watanni da yawa gaba ɗaya; sai a 2025 majalisarsu ta yi dokar da ta taƙaita kuɗin gaba zuwa na wata guda. Faransa kuwa ta fito da tsarin Visale a 2016, inda wata hukuma ke tsaya wa matasa da ɗalibai, har da baƙi, kyauta.

Wannan dabara ta tsaya wa baƙo kakanninmu sun riga su sanin ta. Fataken goro da na shanu da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi da Sabon Ibadan ba su tafi da takardar banki ba. A kowane zango akwai fatoma, mai masauki, wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma ɗauki lamunin bashin da ke tsakani. Jarinsa shi ne sunansa, idan ya tsaya wa maha'inci shi ne zai biya. Da haka aka yi ciniki na ɗaruruwan shekaru tsakanin mutanen da ba harshensu ɗaya ba.

Malaman fiƙihu ma sun yi bayanin wannan a babin ijara da babin lamuni. Sharaɗin ingancin haya shi ne a san gidan, a san kuɗin, a san wa'adin. Ba mu ce karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya haramun ne ba idan an yarda da juna, sai dai ƙuntatawa ce ga mai samun yau da gobe. Lamuni kuwa aikin alheri ne, kuma jamhurun malamai sun hana karɓar lada a kansa, don haka masu sayar da sa hannunsu ga baƙi su ji tsoron Allah.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna Kaduna, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a, su buɗe rajistar mambobinsu, su kafa asusu na karo-karo wanda zai tsaya wa duk wanda suka sani, ya biya mai gida idan an sami saɓani. Muna kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin coci na Narayi su karɓi irin wannan lamuni, domin baƙon da aka san sunansa da garinsa da masu tsaya masa ya fi zama lafiya ga unguwa a kan wanda aka tura kango. Masu gidaje daga cikin 'yan'uwa su fara nuna misali, su karɓi kuɗin wata-wata ko na wata uku-uku, su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, su bayar da rasiɗi. Majalisar dokokin jiha kuma ta duba abin da Legas ta yi a 2011, inda ta hana neman fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya a mafi yawan sassan jihar.

Shi kuma baƙo, wajibi ne ya gabatar da kansa ga mai unguwa, ya riƙe takardun ƙasarsa, ya biya a kan lokaci, domin duk wanda ya ci amanar mai gida ya rufe ƙofa ga goma da ke bayansa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya zaunar da garinmu lafiya, amin.