Ƙurar Mars da Alƙalamin Hausa

Geoffrey Landis masanin kimiyya ne a cibiyar Glenn ta hukumar NASA da ke Amurka. A 1997, lokacin da na'urar Pathfinder ta sauka a duniyar Mars, yana cikin waɗanda suka tsara gwajin auna yadda ƙura ke rage ƙarfin farantin sola a can. Shi ne kuma marubucin da ya ci kyautar Hugo a 1992 da gajeren labarinsa "A Walk in the Sun", ya fitar da littafin Mars Crossing a 2000, ya kuma samu kyautar Rhysling ta waƙa. Bai ajiye ɗaya don ɗaya ba. Lissafinsa ne ke hana labarinsa yin ƙarya, labarin kuma ya kai lissafin ga wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

Matsalar da ya nazarta ba baƙuwa ba ce a Gaya da Ajingi. Duk mai sola a kan rufinsa ya san abin da hazon hunturu ke yi mata. Manomin yankin kuma ya san Zara da Kaza da 'Ya'yanta tun kafin zuwan boko. Amma ɗansa da ya shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, nan maƙwabta, zai koyi sararin samaniya da Ingilishi zalla, ya koma gida ba shi da kalmomin da zai bayyana wa mahaifinsa abin da ya koya.

A nan sassan Hausa na jami'o'i ke da alhaki. Umaru Dembo ya buɗe ƙofar ƙagaggen labarin kimiyya da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, kuma an yi ta nazarinsa, sai dai nazari ba ya haifar da magaji. Kalmar kimiyya da kwamiti ya ƙirƙira takan tsufa a cikin ƙamus. Wadda ta shiga labari ko baiti ita ce ke kama baki. Don haka ya kamata darasin rubutun zube da waƙa ya karɓi ɗaliban fiziks da na ilimin duwatsu, ko da hakan zai dagula tsarin jadawali.

Abin rubutawa kuwa yana nan. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, daga baya bincike ya tabbatar cewa daga Mars ya fito. A yau da sunan wannan ƙauye na Hausawa masana ke kiransa a ɗakunan gwaji na Amurka da Turai.