Zauren Iyali: Rabin Yini a Lakwal, Rabi a Gida

'Yan uwa masu bibiyar wannan fili, yau zan ajiye wasiƙunku gefe, in kawo muku wata magana daga cikin gidana a nan Tourou, domin na tabbata ba ni kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Allah Ya ba ni 'ya'ya uku da suka isa karatu. Babban yana ajin ƙarshe na firamare, wato CM2, yana jiran jarrabawar CEP a watan Yuni. Shi kam lakwal ta karɓe shi, kullum yakan riga kowa rataya jaka. Autan yana CI, kansa na shan hadda kamar yashi da ruwa, sai dai ƙafarsa ba ta san zama ba. Maganar tana kan ta tsakiyar, 'yar shekara 9. Shekara biyu ke nan da ciwon sanƙarau ya kwantar da ita a cikin zafin bazara. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma kunnenta na hagu bai tashi tare da ita ba, na daman ma sai an matso kusa.

Ba mu gane da wuri ba, kuma laifin nawa ne. Da sakamakonta ya fara zubewa, sai na ɗora mata lalaci, har na yi mata faɗan da nake jin kunyarsa har gobe. Uwarta ce ta gano, wata rana da ta kira ta sau uku daga baya ba ta waiwayo ba. Ku dubi halin da yarinyar take ciki: aji cike maƙil, an ajiye ta a bencin baya saboda tsawonta, mushe yana magana fuskarsa na kallon allo. Ga shi a gida Hausa take ji, a waje yaren Dendi, Faransanci kuwa sai a aji, harshen da ake rubuta baƙaƙe da yawa a ƙarshen kalma ba a furta su. Mai lafiyayyen kunne ma yana shan wuya a dikte, balle wadda rabin maganar ke faɗuwa kafin ta iso gare ta.

Dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce a cire ta, allo ya ishe ta, ai mace ce. Wasu suka ce a bar ta yadda take, za ta saba. Ban karɓi ko ɗaya ba. Tsarin mulkin ƙasarmu na 1990 ya wajabta karatun firamare, tun watan Oktoba na 2006 aka ɗauke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, a 2017 kuma aka kafa dokar kare haƙƙin masu naƙasa. Duk wannan alheri ne, amma doka ba ta tashi daga takarda ta ɗauko yarinya daga bencin baya. Cire ta kuma yana nufin rufe mata ƙofar CEP, wadda in babu ita hanyar kwaleji ta toshe. Ban ga dalilin da zai sa ciwon mako biyu ya yanke mata hukuncin rayuwa ba.

Sai na tafi wurin darakta, muka zauna da mushenta. Muka daidaita a kan cewa sunanta na nan cikin rajista, za ta koma bencin gaba, kunnen dama yana fuskantar malami, ta yi karatun safe tare da 'yan ajinsu. Na yamma kuwa a gida za ta yi shi. Uwarta, wadda ta kai matakin BEPC kafin aurenmu, takan zaunar da ita gaba da gaba a wurin da haske yake, don ta riƙa ganin leɓɓanta, su bi darasin safe daga farko, kowace sabuwar kalma a rubuta ta kafin a faɗe ta. Karatun allo ma na canza masa lokaci. A makarantar dare yara talatin ne ke ɗaga murya tare, kowa da surarsa, abin da a kunnenta ya zama kamar kasuwar Arzèkè. Yanzu bayan sallar asuba nake biya mata, ni da ita. Abin mamaki, allon nan na kakanninmu ya fi komai dacewa da ita, domin karatu ne da ido ke riƙewa kafin baki ya maimaita.

Wasu maƙwabta sun ɗauki abin baƙo, mace ta mai da tsakar gida aji. Ni ban ga baƙuncinsa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ɗinta na 'Yan Taru suna karantar da mata a cikin gidajensu, kuma tsofaffin gidajen malamai na Djougou da Zangon Parakou sun san karatun zaure tun zamanin fataken goro.

Na ɗauka na gama gyara. Sai wata rana babban ya dawo da yamma, ƙura har gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙanwarsa a inuwa kusa da uwarsu. Da dare ya same ni ya ce, "Baba, ni ma fa jarrabawa gare ni. Ko sai na yi ciwo za a zauna da ni?"

Ban yi barci ba a daren nan. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ne ya yi ta yawo a kaina, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito: mahaifinsa ya keɓe shi da kyauta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida saboda ba a ba sauran 'ya'yan irinta ba. Washegari na kai maganar gaban wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya bayyana mini cewa malamai sun bambanta kyauta da biyan buƙata: kyauta ana daidaitawa, amma magani na mara lafiya ne, ba a raba shi kashi uku. Ya ce Ibnu Ƙudama ya kawo a cikin Mugni cewa keɓe wani ɗa saboda lalura, kamar makanta ko doguwar jinya, yana da madogara daga Imamu Ahmad. Har na fara sakin jiki, sai ya ƙara da cewa, "Amma Malam, yaron bai roƙe ka kuɗi ba. Zama ya roƙa, kuma wannan buƙatarsa ce shi ma."

To, ina lokacin zai fito? Duk mai yara a makarantu biyu ya san wannan lissafin: allo na hutun Alhamis da Juma'a, lakwal na hutun Asabar da Lahadi, don haka babu rana ɗaya a mako da yaro yake da ita sukutum. Abin da na samu shi ne yammacin Laraba da safiyar Asabar, na ba babban su, muna bin lissafi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ba kyauta aka samu wannan ba. Ni na rage zaman shago, uwarsu ta daina suyar ƙosan yamma, kuma tukunyar gida ta ji a jikinta. Autan ma, in faɗi gaskiya, shi ne yanzu ke samun ragowar lokaci, kuma ban warware tasa ba tukuna.

Na san ba kowane gida ne ke da uwa mai karanta Faransanci ba. Inda babu, a duba unguwa: da wuya a rasa wata baiwar Allah ko wani ɗalibin jami'ar Parakou da zai karɓi yara biyu ko uku da yamma a kan ɗan abin hasafi. Wanda kuma ɗansa ya tashi daga sanƙarau, ko kunnensa ke zubar da ruwa, ya kai shi likita a auna jinsa kafin ya ɗaga masa murya kamar yadda na yi.

Yarinyar dai jan biro ya ragu a littafinta na dikte. Makon jiya ta roƙe ni in bar ta ta riƙa komawa karatun yamma ko da kwana biyu ne a mako, wai tana kewar tafiyar dawowa gida tare da ƙawayenta. Uwarta na ganin lokaci bai yi ba, ni kuma ina ganin ya yi. Mun bar maganar sai mun ji ta bakin mushenta ranar Litinin, in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum.