Haƙƙin Masu Ɗauko Kaya, Daga Teku Har Kwari

Attajirin da ya kwance dilar atamfa a Kantin Kwari, ko ya buɗe kwali a kasuwar Sabon Gari, ya san kuɗin kwastan, ya san kuɗin mota daga Ikko. Amma da wuya ya tuna da mutanen da suka yi makonni bisa ruwa kafin kayan nan su sauka Apapa. Da yawa cikinsu mutanen ƙasar Filifin ne, waɗanda kan bar iyali su yi wata tara ko fiye a cikin jirgi. A shekarar 2020, da annobar korona ta rufe tashoshi, ma'aikatan jiragen ruwa kimanin 400,000 suka maƙale a teku, wa'adinsu ya cika, babu hanyar gida.

Wannan kuka ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Zamanin dalar gyada, gyadar Kano jirgin ƙasa ke kai ta Ikko, na ruwa ya wuce da ita Ingila. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa, mallakar kamfanin Elder Dempster, suka ajiye aiki a Liverpool saboda wulakancin da suka ce shugabanninsu Turawa na yi musu, har gwamnati ta sa aka bincika.

Yau akwai yarjejeniyar duniya ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, Filifin da Nijeriya duk sun amince da ita. Ta wajabta a biya ma'aikaci kowane wata, ya sami hutun sa'a 10 cikin 24, kada zamansa a jirgi ya kai shekara, kuma mai jirgi ya mai da shi gida da kuɗinsa. Ana keta ta, lalle, amma wanda aka zalunta yana da takardar da zai ɗaga.

To, ɗan dakon Fagge fa? Shi ne ke ɗaukar dilar nan a ka daga bakin mota zuwa rumfa. Ba shi da takarda, ba a yanka masa lada sai ya sauke, in bayansa ya karye kuwa sai ya koma ƙauye ya yi jinyar kansa. Malamai sun san babin ijara ya shar'anta a san lada tun kafin a fara aiki. Ya kamata su karanta babin nan a masallatan kasuwa, shugabannin 'yan kasuwa kuma su zauna da sarkin 'yan dako su tsai da kuɗin kowace dila, su ware asusun jinya daga kuɗin da ake tarawa a rumfuna.