Guzurin Manazarci a Zamanin Sabis: Tsokaci Daga Hanyar Kahu

Gabatarwa

Kowane zamani da irin guzurin da matafiyinsa yake ɗaurawa. Bafataken da ya nufi Gwanja a ƙarni na 19 yakan tanadi jakai da mangaloli da salkar ruwa. Malamin da ya fita rangadin makarantu a shekarun 1960 yakan ɗauki akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai da gidan sauro. Manazarcin yau kuwa, kafin ya tuna da littafin rubutu, sai ya tabbatar da wayarsa tana ɗauke da layuka biyu na kamfanoni daban-daban, ya zuba data, ya cika batirin ajiyar caji. Babu laifi a cikin wannan, domin idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin dubawa shi ne tambayar da ɗalibi kan fara yi a duk lokacin da aka ba shi shawarar ya tafi karkara neman bayanai: "Malam, akwai sabis a can?" Amsar wannan tambaya tana neman zama ma'aunin zaɓen wurin bincike a fagen nazarin Hausa. Ra'ayina shi ne, muddin sassan Hausa na jami'o'inmu ba su tsara aikin fita bincike ta yadda zai jure yankewar intanet ba, to taswirar kamfanonin waya ce za ta riƙa shata mana iyakar Hausar da za mu nazarta.

Kahu a Matsayin Misali

Kahu ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Kibiya a kudancin Jihar Kano. Kibiya, tare da Bunkure da Rano, ita ce ƙasar da dokar masarautu ta Yulin 2024 ta sanya a ƙarƙashin masarautar Rano. Rano kuwa ba ta buƙatar gabatarwa a wurin masu karanta wannan mujalla: tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake wa laƙabi da sarakunan baba saboda rini, kuma a yankinta ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wadda ta sauya fasalin noman rani a wannan shiyya. Ke nan ƙasa ce mai tsohon tarihi da sabon tattalin arziki, irin wadda manazarcin harshe da na adabin baka da na al'ada duk suke da abin ɗiba a cikinta.

Wanda ya bar babban titin Kano zuwa Zariya ya nufi irin waɗannan garuruwa yana shiga yanayin da kowane matafiyi a karkarar Arewa ya sani. Kamfanonin waya 'yan kasuwa ne, suna kafa turakun sadarwa inda jama'a suka taru da yawa da kuma gefen manyan tituna. Kowane turke yana buƙatar janareta ko sola da mai gadi, saboda haka ƙauyen da kuɗin shigarsa ba zai mayar da wannan ɗawainiya ba shi ne na ƙarshe a lissafi. Sakamakon haka, ƙarfin sabis yana raguwa gwargwadon nisan mutum daga kwalta. Akan sami wurin da kira yake shiga amma hoto ba ya tafiya, akan kuma sami wurin da layin wannan kamfani yake aiki na wancan ya ɗauke. Ɗalibin da aka ba wata uku ya haɗa bayanai, ga rajista a shafin jami'a, ga saƙonnin mai duba aikinsa a WhatsApp, ga kuɗin guzurinsa a asusun banki, idan aka ajiye masa Kahu da wata unguwa a cikin birnin Kano, ba sai an yi duba ba kafin a san inda zai zaɓa.

Yadda Magabata Suka Yi da Rata

Bahaushe ya daɗe yana tafiyar neman abinci, kuma ya daɗe da warware matsalar sadarwa a kan hanya. Ayarin fataken goro daga Kano zuwa Salaga yakan share watanni, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 a kan wannan fatauci. A tsawon waɗannan watanni iyali ba sa jin muryar mai gida, abokin ciniki ba ya ganin abokin cinikinsa, amma harka ba ta tsayawa. Akwai zango a kan hanya, akwai fatoma mai saukar baƙi wanda yake ajiye kaya da kuɗi da labari, akwai wasiƙar Larabci ko ta ajami da ake damƙa wa ayarin da ke komawa gida. Abner Cohen ya nuna a nazarinsa na 1969 a kan Sabo ta Ibadan cewa cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu ne a kan bashi da amana da saƙonnin da ke bin hannun mutane. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, maƙwabciyar Rano, a cikin wannan tsari ya tashi.

Darasin da ke nan shi ne, an gina tsarin ne a kan sanin cewa za a yi rata. Ba wanda ya ɗora wa bafatake laifi don ba a ji daga gare shi ba cikin mako guda. Tsare-tsaren yau sun juya wannan fahimta. Tun daga Agustan 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, hukumomi da bankuna da makarantu suka riƙa mayar da harkokinsu kan intanet bisa zaton cewa kowa yana kan layi a kowace sa'a. Wanda sabis ya yanke masa, shi ake hukuntawa: wa'adi ya wuce shi, shafi ya rufe, kuɗi su maƙale tsakanin banki da banki.

Zaton kuwa ya sha rushewa a gaban idonmu. A Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layuka a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya rufewar ta shafi ƙananan hukumomi 13 a Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna bai wa direbobi a tasha, wato suka koma wa tsohuwar zuma. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin takardun naira, cunkoso ya sa tura kuɗi ta waya ya zama caca hatta a cikin birane. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga tasku. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanoni ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Idan birni yana fuskantar wannan, bai kamata a tsara aikin karkara a kan zaton sabis ba ya ɗaukewa ba.

Abin da Nazarin Hausa Yake Asara

Manyan ayyukan da fagenmu yake tinƙaho da su ƙafa ce ta samar da su. Ƙamusun Bargery na 1934 ya yi zarra ne domin mai shi ya zaga ƙasar Hausa yana tattara kalmomi, yana nuna wadda ta Katsina ce da wadda ta Sakkwato ce. Tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954 ya fito ne daga zaman makonni ana hira da tsohuwa guda a ƙasar Zazzau. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kafin ta fitar da littafinta na 1972 a kan tattalin arzikin ƙauyen Bahaushe. Haka malamanmu na gida suka bi makaɗa da mawaƙa har garuruwansu da rikoda a kafaɗa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi aiki da intanet, kuma dogon zaman da suka yi ba tare da wani abu yana janye hankalinsu ba yana cikin sirrin ingancin abin da suka bari.

A yau kundayen digiri da yawa suna ɗibar bayanansu daga Facebook da TikTok da finafinan Kannywood da littattafan da ake sakawa a WhatsApp. Waɗannan fagage ne na halal, kuma wajibi ne a nazarce su. Matsalar tana tasowa ne idan sauƙin samunsu ya sa aka bar sauran. Hausar da ta cika intanet Hausar matasan birni ce da ta 'yan jarida. Kalmomin da manomin rani yake amfani da su wajen rabon ruwa a fadama, da waƙoƙin daɓe da na niƙa da suka rage a bakin tsofaffin mata, da sunayen gonaki da tsofaffin kufai, da yadda dattijon ƙasar Rano yake ba da tarihin garinsu, ba za a same su a shafin kowa ba sai an je. Masu riƙe da su kuma tsufa suke yi, injin niƙa da siminti sun riga sun raba waɗansu waƙoƙin da aikin da ya haife su.

Asarar ba ta tsaya a kan shiryayyen ɗakin karatu ba. Tun Disamban 2013 da Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara, na'urori suke koyon harshen daga abin da aka rubuta aka ɗora, galibi labaran kafofi irin su BBC da Muryar Amurka da DW da RFI. Abin da manazarta ba su naɗo ba, ba zai shiga rumbun da na'urorin gobe za su koya daga gare shi ba. Ta haka ƙauyen da kamfanin waya ya tsallake zai sake fuskantar tsallakewa ta biyu daga jami'a, sannan ta uku daga na'ura.

Hujjar Masu Cewa Dole a Zauna Kan Layi

Akwai masu ganin cewa a halin tsaron da ake ciki, tura ɗalibi, musamman mace, wurin da ba za a ji daga gare ta ba ganganci ne. Wannan magana ce mai nauyi, kuma duk malamin da ya yi watsi da ita bai san amanar 'ya'yan mutane ba. Sai dai amsarta tana cikin shiri. Kiran murya da gajeren saƙo suna shiga a wurare da dama da intanet ba ya aiki. Sauka a hannun dagaci ko mai unguwa da takardar gabatarwa daga sashe, da ajiye lokacin da za a riƙa kiran gida kowace rana daga wurin da aka san sabis yana kamawa, sun fi ba da kariya a kan wayar da ke cike da data a hannun baƙon da ba wanda ya san da zuwansa. Wannan shi ne aikin fatoma a sabuwar riga. Inda kuwa hukumomi suka tabbatar da haɗari, to ba batun sabis ake yi ba, kada a je.

Wasu kuma za su ce a jira gwamnati ta kai sabis ko'ina. Gaskiya ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman don kai sadarwa yankunan da kasuwa ba ta kai ba, kuma shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin intanet mai sauri ga kashi 90 cikin ɗari na jama'a. Haƙƙin mutanen karkara ne a cika musu wannan alkawari, kuma ya dace masana su riƙa tuna wa hukuma. Haka nan Starlink, mai aiki da tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Tsohuwar da ke riƙe da waƙar daɓe ba za ta jira a kammala waɗannan shirye-shirye ba.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ma'aikatan lafiya sun riga mu gano bakin zaren. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna a Arewa, wanda ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020, an riƙa bai wa masu allurar rigakafi wayoyin da ke adana sawun inda suka taka ko babu sabis, sai sun dawo masauki a kwashe bayanan. Manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ake samu kyauta, a kan wannan ƙa'ida aka gina su: a cike bayanai a daji, a tura idan an iso inda sabis yake. Darasin dabarun bincike a sassan Hausa ya kamata ya koyar da su, tare da yadda ake naɗar murya mai inganci, da ajiye kwafi biyu a katin waya da kwamfuta kafin a kwanta, da sauke taswira da ƙamus a waya tun daga gida.

Sashe kuma yana da nasa nauyin. Ɗalibin da ya fita bincike da izini a rubuce bai kamata wa'adin rajista ko na miƙa babi ya ci shi ba alhali yana bakin aiki. Mai duba aiki ya amince da ganawa sau ɗaya a mako ta kiran murya, ya bar ɗalibin ya zauna da mutanen da ya je wurinsu. Kasafin tallafin bincike, har da wanda TETFund take bayarwa, ya fito da kuɗin data da ƙaramar sola da tsabar kuɗin hannu a fili, domin mai ba da bayani a ƙauye ba ya cin goro ta tiransifa. Mujallunmu da suka koma intanet su buɗe rumbun ajiye muryoyin da aka naɗo, da izinin masu su, kuma a mayar wa garin da aka ɗebo kwafinsa. Kwamitocin da ke amincewa da batutuwan bincike su riƙa duba taswira a ƙarshen kowace shekara, su ga ƙananan hukumomi nawa ne daga cikin 44 na Jihar Kano ɗalibansu suka taka.

Kammalawa

Kasancewa kan layi a lokacin tafiyar aiki ni'ima ce, kuma ba mai hankalin da zai so a koma zamanin jiran ayari. Amma ni'imar tana zama tarko idan ita ce take zaɓa wa manazarci inda zai sa ƙafa. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike, kuma gani ya kori ji. Sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna da ikon gyara ƙa'idojinsu a zaman kwamiti guda, ba tare da jiran kamfani ko hukuma ba. Idan suka yi haka, ɗalibin da aka ce ya tafi Kahu zai fara da tambayar wa zai sauka a hannunsa, kuma wane dattijo ne ya fi sanin tarihin garin.